Masu mota a Zariya ku yi hattara da mai sayar da na'urar kare birenbos (kwamfutar mota)

Jama'a don Allah ku karanta, tun jiya raina a ɓace yake ko barci ban yi ba. Dubu 85 wani ya karɓe min a kan wata 'yar baƙar roba da ba ta wuce kwalin ashana ba, dubu 85 a wannan tsadar da ake ciki.

Corolla ta ce ta fara wani hali tun bayan sallah, in na kunna rediyo sai wani zzzz yana bin ƙarar inji, in na taka totur ya ƙaru in na saki ya ragu, wani lokaci fitilar cek injin ta kawo ta ɗauke. Ina layin mai a Kwangila gilas a sauke sai ga mutumin ya leƙo, shaddarsa tsaf da gilashin ido, ya yi sallama ya ce "Alhaji wannan ƙarar ba laifin rediyo ba ne, hayaniyar lantarki ce daga filogi ko altaneta take shiga wayoyi, in ka bar ta har birenbos za ta rikita." Wallahi ban ce masa komai ba, shi ya faɗa min ciwon motata da kansa. Nan wajen nake ta komawa a raina, ban buɗe baki ba fa ya ce in ka taka totur tana ƙaruwa ko? Na ce eh Injiniya. Daga nan na fara ce masa Injiniya.

Kuma kar wani ya ce na yi sakaci, shekara 14 ina riƙe da mota kuma na yi tambayoyi. Abin da ya faɗa gaskiya ne, har rewayan da ya gyara min daga baya ya tabbatar. Ya ce bincike yake yi a kan yadda kayan lantarkin mota za su zauna tare ba wanda ya dami wani, ya nuna min bidiyo a waya na wani ɗaki da aka manne bangonsa da soso masu tsini an sa mota a ciki ana gwaji da eriya, kuma haka kamfanonin mota suke yi da gaske. Ya fito da robar ya ce ita ce za ta kare birenbos, ya juya ta ya nuna min tambarin E1 cikin da'ira da 10R a gefe, ya ce E1 Jamus kenan, 10R kuma dokar gwajin hayaniyar lantarki. Na duba a intanet a gabansa na ga haka ne. To wa zai ƙi yarda?

Dubu 60 na tura ta taransifa, dubu 25 a hannu wai kuɗin firogramin, ya soka ta a soket ɗin OBD na ƙasan sitiyari, inda ake jona na'urar duba mota, ta fara ƙyafta kore da ja, ya ce in ba ta kwana 3 ta karanci motar. Kai kafin nan ma sai da muka haɗu a PZ ranar Talata, can ya ce dubu 100 ne ya rage min don na girme shi, na ma yi masa godiya har da addu'a. 

Kwana 5 ƙara tana nan, na kira layi a kashe. Jiya na kai wa rewaya a Sabon Gari ya ɓalle robar da sukundireba a gabana. Ba komai a ciki sai 'yan fitilu biyu da wani ɗan allo kamar farce. Soket ɗin ƙafa 16 gare shi, abin nan ƙafar wuta ta 16 da ta as (wayar da ke haɗe da jikin ƙarfen mota) kawai aka jona, 6 da 14 da kwamfutocin mota ke magana ta kansu ko waya babu. Tambarin E1 kuwa sitika ce, da ɗan yatsa ya ɗaye ta. Ciwon motar ashe filogi ne marasa rezisto aka sa min lokacin sabis, masu kyau suna da wajen kilo om 5 a ciki da ke danne hayaniyar tartsatsi, sai wayar as ta jikin inji da ta yi tsatsa ta saki. Ya canja filogi 4 ya kankare as ya ɗaure, rediyo ta yi shiru nan take. Kuɗin bai kai kwatan dubu 85 ba.

In wani ya tare ku da irin robar nan ku ce a buɗe a gaban rewayanku, in ya ƙi ku tafi.

Zan sa hoton cikin robar da rasit ɗin taransifa da hirarmu ta WhatsApp anjima in na rufe lambar akawun ɗina. Kuɗin makarantar yara ne na taɓa, har yanzu ban iya faɗa wa uwargida ba, dubu 85, kuma ni da bakina na ce masa Allah ya saka da alheri. Na bar shi da Allah, amma gobe da safe ina banki.