Allurar Zometa ga mai ciwon mayeloma: abin da take tsayarwa da abin da ba ta gyarawa

Sau da yawa ciwon baya ne ke kai mai mayeloma asibiti, ba wata alama ta jini ba. Ciwo ne da ke tsananta in ya motsa, ya lafa in ya kwanta, har wata rana ya sunkuya ɗaukar abu mara nauyi, ɗaya daga ƙasusuwan bayansa ya lotsa. Kusan kashi 80 cikin 100 na masu wannan sankara ta ɓargo, ana tarar da ƙashinsu ya riga ya taɓu a lokacin da aka gano cutar. Don wannan ɓarna ake ba da Zometa, allurar kamfanin Novartis mai ɗauke da zoledironik asid, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2001 don sauke kalsiyam da ya hau a jinin mai sankara, sannan a 2002 don mayeloma. Yanzu kamfanoni da dama suna yin irinta, sinadarin ɗaya ne.

Ba a gane amfaninta sai an san yadda ƙashin yake lalacewa. Ƙashin mai rai kullum cikin gyara yake. Akwai ƙwayoyin halitta marusa, waɗanda likitoci ke kira ostiyokilas, akwai kuma magina, wato ostiyobilas. Marushi yakan manne a jikin ƙashi, ya killace wurin kamar ƙoƙon da aka kife, ya zubo asid da ke narkar da ma'adinin, sannan ya saki wani sinadari da ke cinye zaren kolajin, furotin da ke riƙe ƙashi. Idan ya tashi, magina su zo su cike gurbin. A jikin mai lafiya ɓangarorin biyu kunnen doki suke yi.

Mayeloma ita ke ɓata wannan lissafi. Ƙwayoyin filasma, masu yi wa jiki garkuwa, da suka rikiɗe suka zama sankara suna zama cikin ɓargo, su sa maƙwabtansu su yawaita furotin RANKL, wanda shi ne ke ba marusa umarnin haihuwa da aiki, su kuma rage OPG, furotin da ke kama RANKL ya hana shi isa. A lokaci guda suna fitar da DKK1, wanda ke kashe wa magina gwiwa. Ga rushewa ta ƙaru, ga gini ya tsaya. Abin da ya fi muni, duk inda aka narkar da ƙashi, sinadaran haɓaka da ke ajiye a cikinsa suna fitowa su ciyar da sankarar, ita kuma ta ƙara ingiza marusa. A hoto sai ka ga ƙoƙon kai da ramuka zagayayyu masu tsabtar baki, haƙarƙari da ƙugu kamar itacen da gara ta ci ta ciki. Kalsiyam ɗin da aka narko kuwa jini yake shiga, sai ƙishirwa, yawan fitsari, taurin bayan gida da ruɗewar tunani su biyo baya. 

Zometa marusa take hari. Tana manne wa ma'adinin ƙashi, musamman inda ake tsakiyar rushewa. Marushi ya narkar da wurin ya haɗiye ta, ita kuma ta toshe wani sinadari da yake buƙata don riƙe siffarsa da kama ƙashi, sai ya kasa aiki ya mutu. Dabarar tana da kyau, domin mai ɓarnar ne da kansa yake ɗaukar abin da zai kashe shi.

Ana ba da miligiram 4 ta jijiya duk mako 3 zuwa 4. Ƙaramar kwalba mai mililita 5 ana tsarma ta cikin mililita 100 na ruwan gishiri mai kashi 0.9 ko ruwan gulukos mai kashi 5, akwai kuma babbar kwalba da ta zo a haɗe. Kada ta shiga cikin ƙasa da minti 15, kada kuma a haɗa ta da ruwan da ke da kalsiyam irin na Ringa, layinta daban. Minti 15 ɗin nan ba ƙa'idar takarda ba ce: idan aka sake ta da gudu, maganin yakan taru a bututun ƙoda ya ƙona su, ga shi kuma mai mayeloma dama furotin da sankarar ke zubarwa ya riga ya wahalar da ƙodarsa. Shi ya sa ake auna kiriyatinin a jini, don sanin aikin ƙoda, kafin kowace allura. Idan tacewar ƙoda ta haura mililita 60 a minti, a ba da 4 cif. Daga 50 zuwa 60, miligiram 3.5. Daga 40 zuwa 49, miligiram 3.3. Daga 30 zuwa 39, miligiram 3. Ƙasa da 30 ba a so a ba da ita don ciwon ƙashi. Majinyaci ya sha ruwa sosai kafin ya zo, a kuma ɗora shi kan kalsiyam miligiram 500 da bitamin D ma'auni 400 kullum, sai fa in kalsiyam ɗinsa dama a sama yake.

Shaidar aikinta tana da ƙarfi. A gwajin Myeloma IX da aka yi a Birtaniya kan majinyata 1,960, wanda aka wallafa a 2010, waɗanda aka ba Zometa kashi 27 cikin 100 ne suka samu karaya ko makamanciyar matsalar ƙashi, alhali masu shan ƙwayar kilodironet, wani maganin ƙashi irinta, kashi 35 ne, kuma tsawon rayuwar masu Zometa ya ɗara da kimanin wata 5 da rabi. Wani gwaji a Amurka da ya fito a 2017 ya nuna ba da ita duk mako 12 bai gaza duk mako 4 ba, abin da ya sa likitoci da yawa suke tazarar da ita bayan an shawo kan cutar.

Illarta ta farko mai sauƙi ce: zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi cikin kwana 3 bayan allurar fari, farasitamol ya isa, kuma yawanci ba ya dawowa da ƙarfi. Wadda ta cancanci tsoro ita ce mutuwar ƙashin muƙamuƙi. Ƙashin da aka hana marusa taɓawa ba ya saurin warkewa, baki kuwa cike yake da ƙwayoyin cuta. A cire haƙori, ramin ya ƙi rufewa, bayan makonni a ga farin ƙashi a fili cikin dasashi, ga wari ga ciwo. A gwajin Birtaniya kusan kashi 4 cikin 100 abin ya shafa. Don haka likitan haƙori ya duba baki tun kafin allurar farko, a cire abin cirewa, a bari ya warke. Asibitin da ya tsallake wannan mataki ya yi sakaci, komai kyawun maganin. Maganin kuma yana zama a ƙashi shekaru, dakatar da shi mako biyu kafin cire haƙori ba ya wanke shi.

Babban gibinta shi ne ba ta tada magina. Ramin da ya riga ya samu da wuya ya cike, ko da sankarar ta kwanta. Ƙashin bayan da ya lotsa sai a duba yiwuwar cika shi da siminti na likita, dogon ƙashin da ke gab da karyewa sai ƙarfe, wuri ɗaya mai tsananin ciwo sai gashin haske, wato radiyoterafi. Rashin aikin magina ne ma ya sa hoton ƙashi na nukiliya yakan kasa ganin ramukan mayeloma, eksire kuma ba ya nunawa sai an rasa wajen kashi 30 na ƙashin wurin. Hoton CT na duk jiki ko na MRI su ne abin dogaro. Raunin ƙafafu ko kasa riƙe fitsari alama ce ta danne lakar ƙashin baya, wannan na gaggawa ne, ba a jiran ranar allura.

Abokiyar gasarta ita ce Xgeva ta kamfanin Amgen, miligiram 120 a ƙarƙashin fata duk mako 4, wadda ke kama RANKL kai tsaye. An amince da ita don mayeloma a Amurka a 2018, bayan gwaji kan mutum 1,718 ya nuna ba ta gaza Zometa wajen jinkirta matsalar ƙashi ba. Ba ta bi ta ƙoda, don haka ita ce zaɓi ga mai raunin ƙoda, amma ta fi saukar da kalsiyam, kuma haɗarin muƙamuƙi yana nan. Ga mai lafiyayyar ƙoda, mun fi karkata ga Zometa, saboda ana iya tazarar da ita ko a huta. Xgeva ba ta zama a ƙashi: in aka tsayar da ita kwatsam, marusa sukan dawo da ƙarfin da ya fi na da cikin 'yan watanni, har ƙasusuwan baya da yawa su karye. Duk wanda za a cire daga kanta, a tsara masa allurar Zometa da za ta biyo baya tun kafin a tsayar.