Tsohuwar wukar aljihu: wacce ya kamata ka fara saya?

Wani abokina ne ya turo min hotunan wukake da ya gani a kasuwar intanet ta eBay, wai shi ma zai fara tara tsofaffin wukaken aljihu irin masu nadewa din nan, yana tambaya wacce zai dauka. Na ce masa malam bar kallon kyan kota tukuna, ka ce mai sayarwa ya bude ta ya dauko maka hoton gindin ruwan wukar, daidai inda karfen ya shiga kota, don nan makera ke buga tambarinsu kuma kudinka gaba daya a kan wannan dan rubutun yake.

In tarawa kake so ba yankan albasa ba, ni Case ta Amurka nake fara nuna wa mutum. 'Yan uwa ne 'yan gida daya suka fara yawon tallar wukake a keken doki a 1889, daga baya kamfanin W.R. Case & Sons ya zauna a garin Bradford na jihar Pennsylvania, yanzu dai tun 1993 yana hannun Zippo masu yin laita. Dadin ta shi ne ita da kanta take fada maka shekarunta. A 1970 suka sa digo goma a karkashin tambarin, duk shekara su cire daya, kenan in ka kirga digo bakwai ta 1973 ce, sai dai a 1980 sun sake komawa goma amma da harafin S mai kama da walkiya, to ka lura kar a rude ka. Lambar jikinta ma magana ce, misali 6254: shida na nufin kotar kashi ce, biyu ruwa biyu gare ta, 54 din kuma samfurin. Matsalarta tsada, ga dala ga kudin turowa, sannan da yake masu nema sun yi yawa 'yan jabu ma sun yi yawa, akwai masu goge tambari su buga na da can.

Opinel ta Faransa kuwa wukar talaka ce kuma ban fada don raini ba. Joseph Opinel ya fara ta a 1890 a yankin Savoie, a 1897 ya fitar da ita girma goma sha biyu, lamba 1 zuwa 12, har yau kamfanin na hannun zuri'arsa. Tambarinta hannu ne da kambi a sama. Zoben nan da ake murdawa ya kulle ruwan sai 1955 aka kara shi, shi ya sa masu sayarwa ke cewa ai wadda ba zobe tsohuwa ce sosai, to ba kullum ba, kananan lambobi har gobe ba a sa musu zobe. Lamba 8 ita ce daidai hannu. In ta bakin karfe ce tana daukar kaifi kamar aska amma tana tsatsa in ka bar ta da ruwan lemo, kuma kotar katako ce, in damina ta yi nisa takan kumbura ta rike ruwan, sai ka dan buga karshen kotar a tebur ya leko. Wannan dai ta amfani ce, kar ka saye ta da tunanin za ta yi kudi nan gaba.

Victorinox ba sai na bata baki ba, jar nan mai almakashi da sukundireba kowa ya san ta. Karl Elsener ne ya kafa a 1884 a Ibach ta Suwizalan, sunan kuma na mahaifiyarsa Victoria ne aka hada da inox, wato karfen da ba ya tsatsa. Su jajayen sun cika duniya, in dai tarawa ce nemi ta sojoji ta da mai kotar alminiyom, ita an buga mata shekarar kera ta da lamba biyu a gindin ruwan, ko ka nemi Wenger, kishiyarta da Victorinox ta saye a 2005 daga baya aka daina fitar da wuka da sunan.

Wukaken Sheffield ta Ingila, irin su Joseph Rodgers mai tambarin tauraro da kuros ko George Wostenholm mai tambarin I*XL, gaskiya sun fi kowa tarihi kuma in ka rike ta asali za ka ji aiki, amma ban ba sabon shiga shawara ba. Sunayen sun dade da barin hannun iyalan, an yi ta sayar da su daga wannan kamfani zuwa wancan, suna daya za ka gani a wukar da ta haura shekara dari da kuma wadda aka kera bara. Haka Laguiole, sunan kauye ne a Faransa ba kamfani ba, ana buga shi har a wukaken da aka yi a Pakistan da Sin.

Sai wadda ni na fi so a raina, Okapi. Da yawanmu mun ganta a hannun tsofaffi, mai kotar katako da dan zobe a baya da ake ja kafin ta nade, in ana bude ta tana kara kar-kar-kar. A Solingen ta Jamus aka fara yin ta a 1902 musamman don kasuwar Afirka, a 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu. Kenan in ka ga an rubuta Germany a jiki, in dai ba jabu ba ce, ta girmi 1988, kuma ba sai ka kashe dala ba, leka wurin 'yan gwanjo ko ka tambayi baba ya duba tsohuwar adakarsa.

Ko wacce ka zaba dai, bude ta ka girgiza ruwan hagu da dama, in yana rawa akwai matsala, ka nade ta ka ji ko sifirin na da karfi, ka duba ko tsinin yana lekowa waje bayan an rufe. Ni an taba yi min, wani a intanet ya sayar min da wata tana sheki kamar sabuwa, da ta iso na ga ashe injin wasa wuka ya cinye kusan kwatan ruwan, tambarin ma rabi ya tafi, tun daga nan na fi yarda da mai dan duhu-duhun tsufa a kan mai walkiya. Kuma don Allah kar ka manta da ita a jakar hannu in za ka hau jirgi, a wurin bincike za ka bar ta.

Shi abokin nawa a karshe Opinel lamba 8 ya dauka don yanka mangwaro, ya ce Case sai dala ta sauko.