Sikelin jarirai na gida: ya yi aiki, amma manhajarsa ta ɗaga mini hankali

Na sayi sikelin auna jarirai ne bayan nas ta duba katin awon 'yata ta ce nauyinta ba ya hawa yadda ake so. Jariri kan rage kashi 7 zuwa 10 cikin 100 na nauyinsa a kwanakin farko, galibi kuma ya mayar da shi cikin kwana 10 zuwa 14. Tawa ta wuce wannan lokacin ba ta mayar ba. Kwalbar madara tana da lamba a jiki, nono kuwa ba shi da ita, don haka mai shayarwa ba ta san ko ɗanta ya ƙoshi ba ko kuwa gajiya ce ta sa shi barci. Wannan tunanin ne ya hana ni sakat.

Na'urar kanta ba ni da ƙorafi a kanta. Faranti ne mai lanƙwasa, yana aiki da batir, yana kuma nuna nauyi da tazarar giram 5. Akwai maɓallin da ke cire nauyin tawul ɗin da aka shimfiɗa, da wani mai riƙe lambar ko da yarinya tana wutsil-wutsil. Sai dai yana son ƙasa mai tauri kuma a baje. A kan katifa ƙarya zai faɗa miki. Lambarsa ta ɗan saɓa da ta asibiti, nas ta ce ba komai, in dai zan riƙa awo a sikeli ɗaya, a lokaci ɗaya, babu kaya a jikinta.

Inda ya biya kuɗinsa shi ne awon kafin shayarwa da bayanta. Za ki auna jariri, ki ba shi nono, ki sake aunawa ba tare da kin canja masa kunzugu ko riga ba. Giram ɗaya kusan mililita ɗaya ne na nono. Awo ɗaya ba hujja ba ne, musamman da tazarar giram 5, amma da na tara na lokuta daban-daban sai abin ya fito fili: tana daɗewa a nono, abin da take sha kaɗan ne. Da wannan takardar na koma asibiti. Nas ta zaunar da ni ta kalli yadda nake shayarwa, nan take ta ga kan nonon kawai take kamawa, ba ta buɗe baki sosai, tsotso kaɗan sai barci. Ta duba ƙasan harshenta ko a ɗaure yake, ta ce lafiya lau. Ta gyara mini riƙo, ta ce in riƙa tashinta ta sha sau 8 zuwa 12 a dare da rana, in matsa nonon a hankali idan tsotson ya yi sanyi, in kuma tatsa in ƙara mata da ƙaramin kofi. Babu sikelin da zai gano wannan. Daga nan layin nauyinta a katin awo ya fara hawa.

Manhajar wayar da aka haɗa shi da ita ce matsalar. Kullum da safe sai ta tuna miki ki yi awo, idan lamba ta sauka kuma ta nuna jar kibiya. To jaririn da ke ƙara giram 20 zuwa 30 a rana, fitsari ɗaya da kashi ɗaya sun isa su shafe ribar ranar. Ga mai jego da ba ta samun barci, wannan kibiyar zalunci ce. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin kiwon lafiya a Ingila, a ƙa'idarta ta 2017, ta ce ko da ana damuwa da girman jariri, mai wata 1 zuwa 6 kada a auna shi fiye da sau ɗaya a mako. Manhajar tana amfani da jadawalin girma na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006, wannan daidai ne, amma ta zana layin tsakiya da kore kamar makin cin jarrabawa. Yaron da ke bin layinsa na ƙasa ba ya kaucewa lafiyarsa lau. Abin dubawa shi ne wanda ke tsallake layuka yana gangarowa. Na kashe tunatarwar, na koma rubutawa a takarda mako-mako.

Takardar bayanin cikin kwalin ma ta yi rowa. Ba ta ce komai ba game da ƙirga kunzugu, alhali jiƙa aƙalla 6 a rana bayan kwana na biyar alama ce ta cewa nono yana shiga. Ba ta kuma ce idan jariri ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya saki, ko maɗigarsa ta loɓa, ko ya yi zazzaɓi, asibiti ake nufa a take ba.

Wadda ma'aikacin lafiya ya ce ta sa ido a kan nauyin ɗanta, zai yi mata amfani, kuma in za ta samu aro ya fi, don farantin yana yin kaɗan da zarar yaro ya yi tsawo. A ƙasa nake ajiye shi, ban taɓa ɗora shi a kan tebur ba, saboda gefensa ba zai tare jaririn da ya fara juyi ba.