Kwana goma, kafso 120: sharhina kan maganin ƙwayar cutar gyambon ciki

Ni tela ne a Garwa, shagona yana kusa da kasuwar Yelwa. Shekara huɗu ina fama da abin da kowa ke ce wa olsa. Zafi ne a ƙahon zuci, yana tashina wajen ƙarfe biyun dare, sai na jiƙa kanwa na sha sannan ya lafa. Da rana kuma ga gyatsa ga ƙwannafi, in hau keke in kasa sunkuyawa in zura zare. Magani iri biyu na sha a kan wannan ciwo, ɗaya bai yi ba, ɗaya ya yi, kuma ina so masu irin ciwona su ji dalili.

Na farkon shi ne haɗi uku, wanda ake haɗowa a kwali ɗaya: omeprazol mai rage tsamin ciki, da amoksisilin da klaritromisin masu kashe ƙwayoyin cuta, safe da yamma har sati biyu. An rubuta mini shi ne bayan gwajin jini ya nuna ina da ƙwayar cutar nan Helicobacter pylori. Maganin ba shi da wahalar sha, illarsa ɗaya ɗacin da ke kwana a baki. Kwana uku da farawa na yi barci har asuba, na ce alhamdu lillahi, an rabu. Wata biyu bai cika ba zafin ya dawo inda yake. Daga baya na gane sauƙin da na ji aikin omeprazol ne, ya danne tsamin kawai, ita ƙwayar cutar tana nan daram.

Likita ta biyu da na gani a wani asibitin kuɗi ba ta yi saurin ɗaukar biro ba. Tambaya ta fara yi.

"Malam, ka taɓa shan Flagyl?"

Na ce, "Likita, wa bai taɓa sha ba? Ciki na murɗawa shi ake nema."

"Kwana nawa kake yi kana sha?"

"Biyu, ko uku. In zawo ya tsaya shi ke nan."

Ta tambaye ni azitromisin. Na tuna lokacin korona na sha shi har sau biyu don mura, ba wanda ya rubuta mini. Ta tambayi kafso ja-da-yalo ɗin nan da ake shimfiɗawa a tire a bakin kasuwa, rana na dukansa tun safe. Shi ma na sha, ba adadi.

Sai ta ajiye takardar ta yi mini bayanin da ban taɓa ji ba. Ta ce duk sanda mutum ya sha irin waɗannan magunguna ya tsaya a rabi, raunanan ƙwayoyin cuta ne ke mutuwa, masu taurin kai su rage su hayayyafa. Azitromisin da klaritromisin dangi ɗaya ne, ƙwayar da ta saba da ɗaya ba lallai ta ji ɗayan ba. Ni ina maganin mura, ashe wadda ke kwance a cikina ita ma tana samun rabonta tana koyon yadda za ta tsira. Wannan magana ta tsaya mini a rai ƙwarai, domin yarana ma haka muke yi musu a gida.

Ɗana da ke lise, wato sakandare, ya ƙara duba mini a wayarsa. Wasu likitoci biyu na Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka gano wannan ƙwaya a 1982, aka ƙi yarda da su har Marshall ya sha ruwan da aka raina ta a ciki ya kamu da kumburin tumbi, sannan a 2005 aka ba su kyautar Nobel. Kusan rabin mutanen duniya na ɗauke da ita, yawanci tun suna yara, kuma mafi yawansu ba ta damunsu. Amma ita ce babbar sanadin gyambon ciki, kuma tun 1994 aka sa ta cikin abubuwan da ke jawo ciwon dajin tumbi. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wadda ba ta jin klaritromisin a jerin ƙwayoyin cuta 12 da ake neman sabon magani dominsu. Wato ba ni kaɗai ba ne.

Magani na biyu shi ake kira haɗi huɗu. Kafso ɗaya ne mai abu uku a ciki, bismut da metronidazol da tetrasiklin, sai omeprazol daban sau biyu a rana. Na tambaye ta, to ba metronidazol ɗin ne Flagyl da kika ce na lalata ba? Ta ce shi ne, amma in aka haɗa shi da bismut aka sha da yawa kuma aka cika kwanakin, yakan ci ƙarfin ƙwayar ko da ta fara bijirewa.

Gaskiya maganin nan yana da wuya. Kafso uku sau huɗu a rana, bayan karin kumallo, bayan abincin rana, bayan na dare, da kuma lokacin kwanciya tare da ɗan abin taɓawa, kwana goma cif. Sai da na zaga kantin magani huɗu kafin na same shi, kuma kuɗinsa ya kai ɗinkin manyan riguna da yawa. Takardar cikin kwalin da Faransanci take, rubutu ƙanana kamar ƙwan kifi. Da likitar ba ta gargaɗe ni ba, ranar da na ga bayan gidana ya koma baƙi ƙirin, harshena ma ya yi duhu, da na jefar da sauran don tsoro. Aikin bismut ne, yana wucewa in an gama. Bakina kuwa kamar na tsotsi tsabar dala, ko shayi ba ya daɗi. A kwana na huɗu da na biyar tashin zuciya ya sa na rufe shago tun la'asar.

Abin da ya fi damuna shi ne nono. Tetrasiklin ba ya shiri da madara, tana hana shi shiga jini. Mu kuwa a Garwa da zafin watan Afrilu, mutum ya ga Bafillatana ta sauke ƙwarya a ƙofar shago, kindirmo mai sanyi, ya kau da kai, ba ƙaramin abu ba ne. Uwargida ce ta riƙe mini lissafi, ta samo ƙananan leda arba'in ta ƙulla uku-uku, kullum ta jera mini huɗu a aljihun keke. Ban tsallake ko ɗaya ba. Ita kanta likitar sai da ta lissafa kwanakin don kada su haɗu da azumi, domin shan magani sau huɗu a rana ba ya yiwuwa tsakanin magariba da asuba. Ta kuma ja kunnena cewa mai juna biyu da ƙananan yara ba sa shan wannan magani, kada in ba kowa saura.

Inda na fi yaba mata shi ne ba ta sallame ni da jin sauƙi ba. Ta ce in jira sati huɗu bayan gama magani, in bar omeprazol sati biyu kafin ranar, sannan a gwada bayan gida. Gwajin jini ba ya amfani a nan, domin yakan ci gaba da nuna alamar cutar ko bayan ta mutu. Wannan shi ne abin da ba a yi mini ba a karon farko, kuma har yau ina jin haushinsa, don da an yi da ban ɓata wata biyu ina murnar banza ba. Na kai samfur da safe a ɗan kwalba, da yamma aka miƙo mini takarda: babu.

Yanzu wata bakwai ke nan. Na yi azumi talatin ban jiƙa kanwa ba, ina cin yaji daidai gwargwado. Ga wanda haɗi uku ya ƙi yi masa, ina ganin haɗi huɗun ya cancanci kuɗinsa da wahalarsa, amma ta hannun likita, kuma da gwaji a ƙarshe. Uwargida ma ta fara kukan ƙwannafi kwanan nan. Na kwashe tsofaffin kafson da muke sha da ka, da ke cikin gwangwanin saman kwaba, na mayar kantin magani, ita kuma ranar Talata za mu kai nata samfurin.