Fim ɗin IF: ya dace yara su kalla?

IF ya fito a watan Mayun 2024. John Krasinski ne ya rubuta shi ya kuma ba da umarni, tsawonsa minti 104. Labarin Bea ne, yarinya 'yar shekara 12 da ta koma wurin kakarta a New York. Can ta fara ganin abokan wasan da yara ke ƙirƙira a zuci, waɗanda aka manta da su bayan masu su sun girma. Ita da maƙwabcinta Cal, wanda jarumi Ryan Reynolds ya fito a matsayinsa, suka shiga nema musu mafita.

Tallar fim ɗin tana nuna barkwanci zalla, ga Blue, ƙaton dodo mai gashi ruwan shunayya, sai shirme yake. Amma iyaye su sani, tun a mintunan farko ake nuna rasuwar mahaifiyar Bea bayan jinya, mahaifinta kuma yana kwance a asibiti yana jiran tiyatar zuciya. Yaron da bai daɗe da yin rashi ba, wannan zai iya fama masa ciwo. A zauna kusa da shi.

An ba shi matakin PG a Amurka, wato ana son iyaye su duba ko ya dace da yaransu. Babu zubar da jini, babu batsa, sai rawa da waƙa a wani wuri. Matsalarsa jan jiki: hira ta yi yawa a tsakiya, ɗan shekara biyar zai ƙosa ya tashi. Daga shekara takwas zuwa sama ya fi dacewa, kuma da Turanci yake, don haka ƙananan za su buƙaci mai yi musu bayani.