Ansible a ɗakin kwamfuta mai Windows da Linux: ya cancanci wahalar?

Duk mai kula da cibiyar jarrabawar kwamfuta a Gusau ko ɗakin karatun ɗalibai a Ƙauran Namoda ya san ciwon kan bin inji ɗaya bayan ɗaya da filashi a hannu. Ansible, shirin sarrafa kwamfutoci daga nesa wanda Michael DeHaan ya fara a 2012 kuma Red Hat ta saya a 2015, an yi shi ne domin ɗauke wannan nauyi: ka zauna a kan kwamfuta guda ka ba ɗaruruwa umarni. Kyauta ne, kuma ba ya buƙatar a dasa wata manhajar wakili a injinan da za a sarrafa. A nan ya sha gaban Puppet, wani shirin mai irin aikinsa, wajen sauƙin farawa.

Injin ba da umarni dole ya zama Linux ko macOS, ko WSL, wato Linux da ke gudana a cikin Windows. Za ka rubuta sunayen injina a fayil ɗin jeri, ka raba su rukuni-rukuni, sannan ka tsara ayyukan a fayil ɗin YAML, wato rubutu zalla da ake jera shi layi-layi. Kada ka kuskura ka danna maɓallin Tab wajen jera layuka, tazara kawai YAML ke karɓa.

Ɓangaren Linux ba shi da wani dogon zance. Muddin SSH, hanyar shiga inji daga nesa, na buɗe a ƙofa ta 22 kuma akwai manhajar Python, shi ke nan. Abin lura ɗaya shi ne sunan manhaja yakan bambanta: apache2 a Ubuntu, httpd a Rocky Linux.

Windows ne ke cin lokaci. Ana shigarsa ta WinRM, hanyar Windows ta karɓar umarni daga nesa, a ƙofa ta 5985 ko 5986 mai tsaro, kuma sai ka sa ƙaramar manhajar pywinrm a injin umarni. Sau da yawa sai ka taɓa kowane inji da hannu sau ɗaya kafin ka huta. Idan Windows ya ɗauki hanyar sadarwar ɗakin a matsayin ta jama'a, kunna WinRM zai ƙi, sai ka mayar da ita ta cikin gida. Idan asusun shugaba (administrator) na inji ka ƙirƙira da kanka, za a hana shi shiga daga nesa har sai ka mayar da LocalAccountTokenFilterPolicy zuwa 1 a rajista, wato ma'ajiyar saitunan Windows. Masu amfani da tsarin tantance mai shiga na Kerberos kuma su duba agogo: saɓanin da ya wuce minti 5 ya isa a ƙi ka, kuma injinan gwanjo da ƙaramin batirin agogonsu ya mutu kullum agogonsu a karkace yake. Gwada haɗin da umarnin win_ping tukuna, ping ɗin Ansible na Linux ba ya aiki a can.

Babban rauninsa a wajenmu wuta ce. Ansible tura umarni yake yi a lokacin da ka buga shi, don haka injin da ke kashe ya wuce shi, sai ka ga jan rubutu na UNREACHABLE. Sa'ar dai maimaita aiki ba ya ɓata abin da aka riga aka gyara, sai ka sake bugawa bayan an tada janareta. A bar sabunta Windows da win_updates sai an tabbatar da man da zai kai ƙarshe.

Asali injina 5 kawai Ansible yake taɓawa a lokaci guda. Ɗaga wannan adadi, wanda ake kira forks, zuwa 20 ko 30 in injin umarni zai ɗauka. Kada ka tura babban fayil da win_copy, tafiyar hawainiya yake yi. Ajiye shi a sabar cikin gida ka jawo da win_get_url, ka kuma tsira da datarka. Wanda ya tuna katse layukan waya a Zamfara a watan Satumba na 2021 zai ga darajar kayan aikin da ke tafiya a kan kebul ɗin ɗaki ba tare da intanet ba.

Kalmomin sirri a kulle su da ansible-vault, kuma a fara gwaji da --check a kan injina biyu kafin a saki ga sauran. Ga mai inji goma, wahalar shirya WinRM ta fi ribar. Daga hamsin zuwa sama, musamman in akwai Linux a ciki, na ba shi huɗu cikin biyar.