Wasiƙa Ga Yaya Kan Gidajen Rawar Bale, Daga Landan Zuwa Alƙahira

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya da su Inna da yara, da fatan kuma an kaɗe riɗi lafiya ba asara.

Saƙonka na murya ya iso, na kuma ji abin da Gwaggo ta ce da ta ga hoton nan, wai na bar aikin jinya na koma yawon gidajen rawa. Ka faɗa mata aikin ne ya kai ni. Tsohuwar da nake kula da ita a nan Landan ta haura shekara tamanin, ƙafa ta ƙi, sai a keken guragu, amma tun tana yarinya ba ta da abin so kamar kallon rawar da ake kira bale. 'Ya'yanta suka ce duk garin da ta ce za ta, a kai ta, su za su biya. Ni ce mai tura keke, ni ce mai sayen tikiti, ni ce kuma mai cacar baki da masu tsaron ƙofa idan ta kama. Don haka abin da na ƙware a kai shi ne abin da ake sayar wa mai kallo da yadda ake karɓarsa.

Ita rawar ba ta da wuyar bayani. Ba a magana, ba a waƙa. Makaɗa masu yawa suna zaune a wani rami a gaban dandamali, masu rawa kuma suna ba da labari da hannu da ƙafa. Wani sarkin Faransa, Louis na 14, shi ya kafa mata makaranta a 1661, shi ya sa har yau sunayen takun duka da Faransanci suke ko a wace ƙasa. Wasan da uwar ɗakina ta fi so, na wata gimbiya da aka mayar agwagwar ruwa, an fara nuna shi a Mosko a 1877, kuma kiɗan nan ɗaya na ji a duk garin da muka kalle shi. Suturar masu rawar kam ba irin tamu ba ce, matsattsiya ce, ba zan ɓoye maka ba. Masu kallo kuwa ko tari mutum ya yi sai an waiwayo an harare shi.

A Landan gidan yana unguwar Covent Garden, ginin da ke tsaye yanzu na 1858 ne, yana ɗaukar mutum sama da 2,200. Kujera mai kyau a ƙasa takan haura fam 100, can ƙololuwar bene kuma akwai wurin tsayuwa da bai kai fam 20 ba. Abin da ya sa na fi son zuwa nan ba kyan ginin ba ne. Akwai dokar da aka yi a ƙasar a 2010 da ta tilasta wa duk mai hulɗa da jama'a ya sauƙaƙa wa naƙasasshe, kuma suna binta. Mun yi rajista sau ɗaya, tun daga nan idan na sayi tikitin tsohuwa, nawa na mai rakiya ba a karɓar ko kwabo. Akwai gurbin da aka cire kujera don keke ya shiga, akwai lifta, akwai banɗaki mai faɗi da ƙarfen dafawa, kuma ma'aikaci zai zo da kansa ya tambaye ka ko kana bukatar wani abu kafin a kashe fitila. Makara kaɗai ce ba su da sassauci a kanta. Idan an rufe ƙofa, ko kai ka biya mafi tsada, sai dai ka zauna a waje kana kallo a talabijin har a tafi hutu.

Lokacin hutun sai ka ga manyan mutane masu furfura sun yi layi suna sayen askirim a ɗan ƙaramin kofi, cokalinsa a cikin murfi. Tsadarsa ba a magana. Ruwan famfo kyauta ne idan ka tambaya, ni shi nake sha. Littafin bayanin wasa ma saye ake yi, alhali wata abokiyar aikina da ta zauna a Amurka ta ce a can miƙa maka ake yi a bakin ƙofa.

Paris gida biyu gare su. Tsohon, wanda ake kira Garnier, an buɗe shi a 1875, kuma ban taɓa shiga gini mai ado irinsa ba: matakalar marmara, ruwan zinari ko'ina, kujeru na jan karan-miski, rufin ɗakin kuma wani mai zane, Chagall, ya yi masa zane a 1964. Sai dai an gina shi ne a zamanin da masu kuɗi suke zuwa don a gan su, ba don su gani ba. Zauren a lanƙwashe yake, an yanka gefensa ƙananan ɗakuna, wanda ya zauna a bayan ɗakin ƙeyar na gabansa zai yi ta kallo. Abin da ya burge ni shi ne ba sa yaudara. A jikin tikitin za a rubuta maka ɓaro-ɓaro cewa daga wannan kujera ba a ganin dandamali sosai, ko ma ba a gani sam, a kuma karya kuɗin ƙwarai. Ɗalibai suna saye su zauna su saurari kiɗa. Mu da keke ba ma bin matakalar nan da kowa ke ɗaukar hoto, ta ƙofar gefe ake shigar da mu a hau lifta. Sabon gidan nasu na Bastille, wanda aka buɗe a 1989, ba shi da wannan ado ko kaɗan, amma duk inda ka zauna kana gani, kuma ƙafarka za ta miƙe. Tsohuwa ta fi son na farko, ni da bayana mun fi son na biyu.

Af, kafin in manta, duk tafiyar da za mu yi zuwa Faransa ko Ostiriya ita fasfonta kawai take ɗauka, ni kuwa da koren fasfona sai na nemi biza tun da sauran makonni, da takardar banki da ta wurin aiki da ta inshora. Wannan ma kuɗi ne da ba ya cikin tikiti.

Biyana, babban birnin Ostiriya, nan ne na ga an yi wa mai ƙaramin ƙarfi tanadi na gaske. Gidan nasu na 1869 yana da wurin tsayuwa na mutum ɗaruruwa, kuma wani sashe nasa a ƙasa yake, daidai saitin dandamali, bayan kujerun da attajirai suka biya maƙudan kuɗi. Kuɗinsa bai wuce na abincin rana ba. Al'adarsu a da ita ce idan ka shiga ka sami gurbi, sai ka ɗaura gyalenka ko ɗankwali a jikin ƙarfen da ake jingina, ka fita ka sha iska, ka dawo ka tarar ba wanda ya taɓa, kamar dai yadda ake ajiye jarka a layin burtsatse ta riƙe wa mutum wuri. Na ga wani dattijo da jakar leda a hannu, takalminsa duk ya ci ƙasa, ya tsaya awa uku cur. Da aka gama ya fi kowa tafi, kuma a bakin ƙofa ma'aikatan suna gaishe shi gaisuwar wanda aka saba da shi.

Mosko mun je ne tun kafin yaƙin Yukiren, lokacin hunturu. Gidan Bolshoi ya samo asali tun 1776, an rufe shi shekara shida ana gyara, aka sake buɗewa a 2011. Saboda masu sayen tikiti su ɓoye su tsuga kuɗi, a manyan wasanni sunanka ake bugawa a jikin tikiti, sai ka nuna fasfo a bar ka ka shiga. Amma abin da ba zan manta ba shi ne ma'ajiyar riguna. Ba a shiga zaure da rigar sanyi, dole ka miƙa, ba a kuma karɓar kuɗin ajiya. Wasu tsofaffin mata ne ke aikin, su karɓi rigarka su ba ka ɗan lamba. Matan garin suna zuwa da takalmin ƙanƙara a ƙafa, na ado a jaka, su zauna a benci su canza, su miƙa mai lakar a ajiye musu. A nan ne kuma ake ba da hayar ɗan madubin hangen nesa. Na ɗauka don kallo ne kawai, sai wata mata ta raɗa mini cewa wanda ya yi hayarsa ba ya bin layi idan an tashi, kai tsaye zai je ya mayar ya karɓi rigarsa. Mutum sama da dubu na neman riga lokaci ɗaya, ka ga kuwa kuɗin hayar nan bai faɗi banza ba. Ƙararrawa uku ake kaɗawa kafin a fara, bayan ta ukun an rufe ke nan. Masu kallon Mosko kuma ba sa kallo shiru irin na Ingila, suna ihun yabo, suna tafi a tare da amo ɗaya, suna miƙa furanni.

Ba ko'ina ake jin daɗi ba. A wani gida da ba zan kama suna ba mun tarar lifta ta lalace, ba wanda ya sanar da mu, sai da wasu samari huɗu cikin masu kallo suka ɗauki tsohuwa da kekenta suka hau bene da ita. Kuɗinmu kuma ba a rage ko sisi ba.

Inda hankalina ya fi kwanciya Alƙahira ce. Tsohon gidansu na 1869 ya ƙone a 1971, sai Japan ta gina musu sabo kyauta a tsibirin Jazira, aka buɗe a 1988, jirgin ƙarƙashin ƙasa yana tsayawa a bakinsa. Tun a ƙarshen shekarun 1950 suka kafa makarantar bale da malamai daga Tarayyar Sobiyet, don haka yawancin masu rawar 'ya'yan Masar ne. Tikitin da muka saya na gaba-gaba bai kai kuɗin kujerar can bene a Landan ba. Mata masu hijabi sun cika zauren, da mazajensu da 'ya'yansu, ba wanda ya ƙara kallon mayafina. Maza ne ma ke shan wuya, don a babban zauren sai da kwat da nektai, wanda ya zo ba shi da shi sai a ara masa a ƙofa ya mayar in an tashi. Kayan aikinsu da kujerunsu ba su kai na Turai ba, wayar wani ma ta yi ƙara ana tsakiyar wasa, amma wajen taimakon tsoho ba sai ka roƙa ba. Maskat ta ƙasar Oman kuwa, gidan da Sarki Ƙabus ya gina aka buɗe a 2011, tsabta da sanyin na'ura ba a magana, su ma da dokar sutura, sai dai masu rawar daga Turai ake gayyato su, kuɗin kuma na Turai ne.

Yanzu ga abin da na san zai fi jan hankalinka, kai da ka gaji dukanci. Mata masu rawar nan a kan ƙarshen yatsun ƙafarsu suke tsayawa, kuma mutane da yawa sun ɗauka akwai katako ko ƙarfe a bakin takalmin. Babu. Wata jikar maƙwabciyarmu da ke koyon rawar ta ba ni tsohon nata na jujjuya shi da kyau. Bayansa yadin satin ne, ƙasansa fata ce mai tauri, bakin kuma algarara ce da takarda aka jera hawa-hawa, ana shafa gam tsakaninsu, a daddaɓe da guduma ya yi fale-fale yadda zai tsaya a ƙasa, sannan a sa a tanderu ya bushe. A wani kamfani na nan Landan mai suna Freed, wanda aka kafa a 1929, da hannu ake yinsa, a bai-bai ake ɗinkawa sannan a juyo shi. Kowane maɗinki yana da tambarinsa da yake bugawa a ƙasan takalmi, wani makulli, wani ƙararrawa, wani kambin sarauta. Mai rawa idan ta dace da hannun wani, to shi za ta riƙe shekara da shekaru ba tare da ta taɓa ganin fuskarsa ba, ranar da ya yi ritaya kuwa ta shiga uku sai ta sami wani. Takalmin ba shi da dama ko hagu. Ba a sayar da shi da igiyar ɗauri, ita za ta ɗinka da allura da zare, ta buga shi da ƙasa, ta matse shi a jikin ƙofa ya yi laushi, ta taka garin ƙaro don kada santsi ya ɗebe ta.

Kuɗinsa ya haura fam 50, kuma babbar 'yar rawa tana iya kashe guda a dare ɗaya, gumi ya jiƙa gam ɗin ya saki. Manyan gidajen suna sayen dubbai kowace shekara su raba wa masu rawarsu. An yi shi ne da launin fatar Bature don ƙafa ta zama kamar ba takalmi, shi ya sa shekaru da yawa 'yan rawa baƙar fata sai sun bi shi da hodar kwalliya suna shafawa. Sai a 2018 kamfanin nan ya fara fitar da mai launin ƙasa-ƙasa. Akwai ma wani yaro ɗan Legas, Anthony Madu, da bidiyonsa ya zagaya duniya a 2020 yana wannan rawa ba takalmi cikin ruwan sama, daga baya aka ɗauke shi makarantar rawa a Birmingham.

Tsohon takalmin nan zan ba wani ɗan Gumel da zai zo gida ƙarshen wata, ya ce zai same ka a kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Ka farke shi da basilla ka ƙirga hawan algarara, ka duba ɗinkin da ya haɗa yadin da fatar, don na kasa gane ta inda allura ta bi. A cikin ƙunshin akwai man zafi na gwiwar Inna da safa biyu na Kawu. A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka.